Hana Kwamfuta Ajiye Shafin da Ke Sauyawa



Idan mutum ya buɗe shafin intanet, burauza, wato manhajar da ke ɗauko masa shafin, takan ajiye kwafinsa a wani rumbu nata domin kada ta sake wahalar ɗaukowa. Haka nan kwamfutocin tsakani, waɗanda makarantu da ofisoshi kan girka, sukan ajiye kwafi su miƙa wa duk wanda ya nema. Ga shafin da ba ya sauyawa, kamar tarihin madatsar ruwa ta Bakolori da aka kammala a 1978, wannan alheri ne, musamman inda layin sadarwa ke da rauni.

To, amma akwai shafin da ake haɗa wa mutum ɗaya a lokacin da ya nema. Mu ɗauka ɗalibi daga Gidan Goga ya je shagon intanet a Talata Mafara domin duba ko JAMB ta ba shi gurbin karatu. In aka ajiye wannan shafi, illa biyu ke nan. Wanda ya zauna bayansa yana iya ganin sirrinsa. Shi kuma in ya dawo gobe, sai a nuna masa labarin jiya, har wa'adin karɓar gurbin ya wuce bai sani ba.

Maganin yana hannun uwar garke, wato kwamfutar da ke aiko da shafin, domin kowane shafi yakan zo da umarnin da mai karatu ba ya gani. Ƙa'idar HTTP/1.1 ta 1997 ta kawo umarnin Cache-Control, kuma kalmominsa uku ya kamata a bambanta. Kalmar "private" ta yarje wa burauza ajiyewa, ta hana kwamfutar tsakani. Kalmar "no-cache" kuwa sunanta na ruɗarwa, gama ba ta hana ajiyewa. Cewa take a tambayi uwar garke kafin a yi amfani da kwafin. Kalmar "no-store" ita kaɗai ke cewa kada a ajiye sam.

Saboda haka, ma'aikacin da za a kawo wa ofishinsa manhajar albashi ko ta sakamakon jarrabawa, ya tambayi masu haɗa ta wace kalma suka sa. Ɗalibi kuma, in ya gama a kwamfutar haya, ya fita daga asusunsa, ya rufe burauza kafin ya tashi.