Ɗaukewar Wuta Lokacin Tayar da Mota: Yadda Ake Gano Inda Matsalar Take

1.0 Gabatarwa

Daga cikin matsalolin da ke wahalar da masu mota a unguwar Paspanga da sauran unguwannin Wagadugu akwai wadda ba ta tsayawa wuri ɗaya. Direba zai murɗa makulli, fitilun gabansa su kama, sai a ji "ƙas", komai ya ɗauke. Bayan ɗan lokaci wuta ta dawo, mota ta tashi lafiya lau, a yi kwana uku ba ta sake ba. Abin da aka saba yi shi ne a ɗora wa batir laifi a sayi sabo, bayan mako guda cutar ta dawo, kuɗi kuwa sun tafi. Wannan maƙala za ta nuna cewa matsalar da ke zuwa tana tafiya, galibi a mahaɗar wayoyi take, kuma ba a gano ta sai an yi awo a daidai lokacin da ake tayar da injin.

Kalmomin sana'ar sun bambanta. Abin da makanikan Kano ke kira kik, a Wagadugu da Maraɗi demarer ake ce masa. Wayar at ita ce mas. Fiyus kuma fizibil. Na farkon daga Ingilishi aka aro su, na biyun daga Faransanci.

2.0 Yadda wutar take tafiya

Batir ɗin mota, irin wanda Gaston Planté ya ƙirƙiro a Faransa a 1859, yana da ɗakuna 6, kowanne na ba da kimanin bolt 2.1. Cikakken batir ke nan yana nuna bolt 12.6. Wuta tana fita ta kan da ke da alamar (+), ta bi jar waya mai kauri zuwa kik, sannan ta komo ta jikin injin da ƙarfen mota zuwa kan da ke da alamar (−). Wato ƙarfen motar shi ne rabin hanyar.

Rediyo da fitilun gaban direba ba sa jan abin da ya wuce 'yan amfiya kaɗan, amma kik na ƙaramar mota mai fetur yana jan amfiya 100 zuwa 200, na mai gas kuwa ya fi haka. Bisa ƙa'idar da Georg Ohm ya bayyana a 1827, ƙarfin da ke ɓacewa a mahaɗa shi ne yawan wutar da ke wucewa sau turjiyar da ke wurin. Misali, idan tsatsa ta haifar da turjiyar om 0.02, rediyo mai jan amfiya 5 zai rasa bolt 0.1 kawai, ba wanda zai lura. Kik mai jan amfiya 150 kuwa zai rasa bolt 3 a wuri guda. Wannan ne ya sa fitilu ke kamawa, amma da an murɗa makulli sai komai ya mutu.

3.0 Dalilin yawaitar matsalar a Wagadugu

Yawancin motocin birnin, har da korayen tasi, tsofaffi ne da aka shigo da su daga Turai ta tasoshin ruwan Lome da Kwatano da Tema, wayoyinsu sun riga sun sha shekaru. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, yana ƙafar da ruwan batir, yana kuma hanzarta farin gari ko koren da ke taruwa a kansa. Ƙurar hunturu tana kwanciya a mahaɗai, damina ta jiƙa ta. Hanyoyin jar ƙasa masu gargada kuma suna sassauta notuna. Mahaɗar da ta yi sako-sako takan taɓa yau ta saki gobe, gwargwadon zafi da girgiza.

4.0 Matakan bincike

Ana farawa daga mai sauƙi da arha, a tafi zuwa mai tsada.

4.1 Gwajin fitila. A kunna fitilar cikin mota, a murɗa makulli. Idan ta mutu ɗungurum, a nemi matsalar a batir ko kawunansa ko wayar at. Idan ta dusashe ƙwarai, injin kuma yana juyawa da ƙyar, batir ya yi rauni ko kik yana jan wuta fiye da kima. Idan ba ta ko motsa ba, wuta ba ta isa kik ba. Sai a duba wurin makulli da fiyus da ƙaramar wayar da ke ba kik umarni. Mota mai canza giya da kanta, a gwada tayar da ita a N maimakon P.

4.2 Gwajin hannu. A kama maƙalin da ke kan batir a murɗa. Wanda ya juya da hannu bai ɗauru ba. Wanda ya yi zafi bayan an gwada tayarwa, nan turjiyar take.

4.3 Awon batir. Da maltimita, bayan mota ta huta: bolt 12.6 cikakke ne, 12.2 kusan rabi, ƙasa da 12 ya sauka. Lokacin tayarwa bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Idan injin yana aiki kuma, altaneta mai lafiya takan ba da tsakanin 13.8 da 14.4.

4.4 Awon asarar ƙarfi. Wannan shi ne ginshiƙin binciken. Mutum ɗaya ya murɗa makulli, ɗaya ya riƙe mita. A ɗora tsinke ɗaya a kan darmar batir ɗin kanta, ɗayan a kan maƙalinta; ya kamata a ga kusan sifiri. Sannan a auna daga (+) zuwa notin kik, kada ya wuce bolt 0.5, daga (−) zuwa jikin injin, kada ya wuce 0.3. Inda lamba ta yi tsalle, nan ne cutar. Idan ta ƙi bayyana, a riƙa girgiza wayoyin ɗaya bayan ɗaya ana kallon mita. Waya kan ruɓe daga ciki alhali robarta tana nan kamar sabuwa.

4.5 Kik. Sai an wanke duk waɗannan daga zargi ake kwance shi. Motar da ke tashi idan an ƙwanƙwasa kik da ƙarfe, alama ce cewa gawayin cikinsa ya cinye.

5.0 Gyara da kariya

A fara cire wayar (−), ita kuma za a mayar daga ƙarshe, domin idan sifana ta haɗa (+) da jikin mota tartsatsi zai tashi, batir kuwa yana fitar da iska mai kamawa da wuta. A wanke garin da ruwan kanwa, amma kada ya shiga cikin ɗakunan, a goge har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure sosai, sannan a shafa giris daga waje. Dabarar buga kan batir da dutse ko cusa ƙusa a maƙali tana kai mutum gida, amma tana tsattsaga wuyan batir, ruwan asid ya riƙa tsattsafowa, tsatsa ta ƙaru.

6.0 Kammalawa

Batir ɗin da ya ƙare ba ya farfaɗowa da kansa ya yi kwana uku yana aiki. Saboda haka, duk motar da ke ɗauke wuta tana dawowa, a bi hanyar wutar gaba ɗaya, tafiya da dawowa, ana awo yayin da kik ke ja. Mai mota yana da haƙƙin ya ce wa makanike: "Maigida, a auna mini a gabana tukuna." Idan awo ya nuna batir ne, sai a saya da kwanciyar rai, idan kuwa mahaɗa ce, sifana da ruwan kanwa sun wadatar.