Shin Ko Kun San? Kalmar Da Ke Jan Ragamar Saƙo A Pure Data

Shin ko kun san akwai manhajojin sarrafa sauti da ba a rubuta musu dogayen layukan umarni? A Max da Pure Data akwatuna ake zanawa a fuskar kwamfuta, a haɗa su da layi tamkar wayar lantarki, saƙo ya riƙa bi daga wannan akwati zuwa wancan.

Mutum ɗaya ne ya ƙirƙiro su duka biyun, Miller Puckette. Ya fara Max a cibiyar IRCAM da ke birnin Paris a shekarun 1980, sunan kuma don girmama Max Mathews ne, ɗaya daga cikin iyayen kiɗan kwamfuta. Pure Data ta zo a 1996, kuma kyauta ce.

Shin ko kun san duk saƙon da ke bin layin nan yana da jagora? Ita ce kalmar farko, wadda masu harkar ke kira "selector". Akwatin da saƙon ya je wa ita yake fara dubawa kafin ya san abin yi. Aika wa akwatin metro, mai bugun lokaci, "stop", sai ya daina bugu. Aika masa "bang", wanda ba ya ɗauke da komai sai "yi yanzu", ya kama aiki.

Abin mamaki, wani jagoran a ɓoye yake. Ka rubuta 440, Pure Data ta karanta "float 440". Ka rubuta 3 4, ta ɗauke shi "list 3 4". Kai wa akwatin tarawa wannan saƙo, sai ya raba lambobin a ƙofofinsa biyu, ya fito da 7.

A nan sabon shiga ke tuntuɓe. Ka rubuta gida ita kaɗai, kana zaton ka aika kalma, ashe umarni ka bayar mai suna gida. Akwatin da bai san shi ba sai ya kai ƙara cewa ba shi da hanyar aiwatar da wannan. Sai ka rubuta "symbol gida" tukuna.

Akwatin route kuwa ɗan dako ne mai son banza: yakan tantance saƙo da kalmar farko, ya cire ta ya riƙe, ya miƙa saura. Akwatin select daban yake, in ya ga abin da yake jira, bang kawai zai saki.

Game da jagoran lamba kuwa, Max na bambanta cikakkiyar lamba, int, da mai ɗigo, float. A Pure Data kowace lamba float ce, har 1.