DAGA DUWATSUN RIRUWAI ZUWA WAYAR DA IDO BA YA GANI

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Jos, ya wuce Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore, zai hango duwatsun Riruwai a Ƙaramar Hukumar Doguwa. Kuza da tutiya suna kwance a ƙarƙashinsu. Babban aikin haƙarsu ya tsaya a shekarun 1980, zamanin da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar Landan a 1985.

Abin da galibin jama'a ba su sani ba shi ne, daga irin wannan dutse na tutiya ake tace wani ƙarfe mai suna indiyom. Masana kimiyya sukan zuba ƙwayoyin zarrarsa a kan silikon, watau sinadarin nan da ake yin farantin sola da cikin wayar hannu da shi. Da kansu ƙwayoyin ke jeruwa layi-layi, su zama waya mai faɗin ƙwaya huɗu kacal. Silin gashi ɗaya ya fi ta kauri kusan sau 50,000.

To, a nan ne abin mamaki yake. A cikin wayar lantarki ta gida, ƙwayoyin lantarki kamar shanu suke a makiyaya, kowace tana iya kauce wa 'yar'uwarta. Amma a wannan siririyar waya sai su zama kamar garke a ƙunƙuntaccen burtali: ba mai wuce wata, in ta gaba ta motsa sai duk layin ya motsa. Tun 1955 Rudolf Peierls ya bayyana a Ingila cewa irin wannan waya ba za ta jure sanyi ba. A 1999 Han Woong Yeom da abokan aikinsa a Japan suka ga haka a wayar indiyom: da sanyi ya kai wajen digiri 150 ƙasa da na ƙanƙara, ƙwayoyin suka sake jeri, waya ta daina ɗaukar wuta.

Sai dai masanan ba su zama baki ɗaya ba. A 2011 wasu a Jami'ar Wurzburg ta Jamus suka ce wayar zinariya a kan jamaniyom burtali ce ta gaskiya. Waɗansu a Japan suka musa, suka ce ƙwayoyin lantarkin suna tsallakawa daga layi zuwa layi. A ganinmu masu musun suna da hujja mai nauyi, domin wayar ba a iska take ba, a kan wani abu take kwance, kuma shinge mai ɓaraka ba ya tsare garke.

Gardamar ba ta banza ba ce. Kamfanoni na ta ƙanƙanta na'urorin cikin wayar hannu, kuma dole su san inda waya ke daina aiki kamar waya. A 2017 masana a Duisburg ta Jamus suka haska wa sandararriyar wayar indiyom hasken leza, ta koma mai ɗaukar wuta cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin tiriliyan na daƙiƙa ba.