2.4 Caca a Matsayin Cuta da Hanyoyin Wayar da Kan Al'umma

Caca ita ce sanya kuɗi ko wata kadara a kan abin da ba a san yadda zai kaya ba, da fatan samun riba. A ƙasar Hausa an daɗe da sanin cacar wuri da ta karta. A yau kuwa cacar ƙwallon ƙafa ta wayar hannu ce ta fi jan hankalin matasa. Wannan sashe zai yi bayanin dalilan da suka sa masana suka ɗauki jarabar caca a matsayin cuta.

2.4.1 Matsayin Masana

A shekarar 1980 Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya cacar da ta wuce kima cikin jerin cututtukan da take kula da su. A shekarar 2013 ta mayar da ita rukuni ɗaya da shaye-shaye. Haka kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi wannan sahu a cikin kundin cututtukanta na 11, wanda ya fara aiki a shekarar 2022. Dalili kuwa shi ne, caca tana motsa sashen jin daɗi na ƙwaƙwalwa ta hanyar sinadarin dofamin, kamar yadda ƙwaya take yi. Rashin sanin ranar ci shi yake riƙe ɗan caca. Idan wasa ɗaya tak ya ɓata masa takarda, sai ya ga saura ƙiris, ya sake zubawa. Ga shi kuwa an tsara lissafin ne yadda mai gidan caca zai fi kowa riba. Hausawa na cewa sabo turken wawa.

2.4.2 Alamomin Cutar

Ƙungiyar likitocin ta kawo alamomi 9, kuma wanda ya nuna 4 daga ciki a tsawon wata 12 ya kamu. Daga cikinsu akwai:

(a) ƙara yawan kuɗin da ake zubawa kafin a ji daɗi;
(b) yunƙurin dainawa sau da yawa ba tare da nasara ba;
(c) komawa domin fanshe hasarar jiya;
(d) yi wa iyali ƙarya don ɓoye abin da aka ɓatar;
(e) dogara ga wasu su biya bashin da caca ta jawo.

Sakamakon haka yakan kai ga karyewar jari, mutuwar aure, barin makaranta, har da tunanin kashe kai.

2.4.3 Wayar da Kan Al'umma

Musulunci ya haramta caca a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da 91, kuma jama'a sun san da haka. Sai dai tsangwama kaɗai takan sa mai cutar ya ƙara ɓuya. Ke nan ya kamata limamai da masu unguwanni da gidajen rediyo su haɗa wa'azi da bayanin alamomin da aka ambata. Iyali kuma su daina biya masa bashi a ɓoye, su karɓi ragamar kuɗinsa da yardarsa, sannan su kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa. Bugu da ƙari, akwai darasi a tsarin ƙungiyar Gamblers Anonymous da aka kafa a Amurka a shekarar 1957, inda masu cutar suke taruwa suna ƙarfafa wa juna gwiwa.

A taƙaice, jarabar caca cuta ce mai magani, kuma gane ta da wuri shi ne matakin farko na ceto mai ita da iyalinsa.