Yadda Ake Canza Fulin Karanshaf na Injin Mota

Fulin karanshaf shi ne faifan ƙarfen da ke gaban inji daga ƙasa, wanda ke juya fambel. A motoci da yawa, da shi famfon ruwa da na'urar cajin batir suka dogara. Idan zoben robar da ke cikinsa ya tsage, fulin zai riƙa rawa, bel ya zame, inji ya ɗauki zafi. Gara a canza shi tun a gida kafin a ɗora lodin tumatir, kada kaya su ruɓe a hanya.

A kashe inji, a cire wayar batir, a fitar da bel. A riƙe fulin kada ya juya, a kwance babban notin tsakiya, sannan a zaro shi da fula. Kada a doke shi da guduma, domin hakan yana lalata bakin karanshaf, wanda gyaransa ya fi kuɗin fuli nesa ba kusa ba. Idan sil ɗin da ke bayansa yana yoyon baƙin mai, a canza shi. A daidaita tsagar sabon fuli da ɗan ƙarfen da ke kan karanshaf, a ɗaure noti gwargwadon ƙarfin da kamfanin motar ya ƙayyade, a mayar da bel.