Tumbuɗi da Amai ga Jariri Mai Shan Nono: Lokacin Haƙuri da Lokacin Garzayawa Asibiti

Tumbuɗi shi ne dawowar ɗan nono daga cikin jariri zuwa bakinsa ba tare da yunƙuri ko wahala ba, kuma yana daga cikin abubuwan da suka fi tayar wa masu jego hankali a garuruwa irin su Rimin Gado, Gulu, Jili da Karofin Yashi, inda shawarar farko takan fito daga bakin kaka ko ungozoma tun kafin a tuna da ma'aikacin lafiya. Asalinsa kuwa, a mahaɗar bututun abinci da tumbi akwai wata tsoka mai kama da zobe wadda ke rufe hanya da zarar abinci ya wuce, amma a jikin jariri ba ta gama ƙwari ba, ga shi abincinsa duk ruwa ne, kuma mafi yawan lokacinsa a kwance yake. Kusan rabin jarirai masu ƙoshin lafiya suna yin tumbuɗi a watanninsu na farko. Yakan fi yawa wajen wata 4, ya ragu idan yaro ya fara zama, kuma galibi yana ɗaukewa kafin a cika shekara ɗaya.

Amai kuwa daban yake, domin shi ana ganin cikin jariri yana matsewa, abin da ya sha ya fito da ƙarfi da yawa, sau da yawa tare da kuka ko galabaita. Sai dai ido yakan yi kuskure wajen ƙiyasi, don cokali biyu na nono idan ya zube a kan zane yakan bazu har uwa ta ɗauka duk abin da yaro ya sha ne ya dawo. Saboda haka sikeli ne alƙalin da ya dace a kai wa ƙara. Jariri yakan rage nauyi kaɗan a kwanakin farko, wanda bai kamata ya wuce kashi 10 cikin 100 ba, ya mayar da shi cikin mako 2, daga nan ya riƙa ƙara kimanin giram 150 zuwa 200 a kowane mako cikin watanni 3 na farko, har ya ninka nauyin haihuwarsa wajen wata 5. Ranakun rigakafi na mako 6, 10 da 14 dama ce ta ɗora shi a kan sikeli a rubuta nauyin a katinsa. Idan layin da ke kan katin yana hawa, tumbuɗi bai wuce matsalar wanki ba, idan kuwa ya kwanta ko ya fara gangarowa, akwai abin bincike.

Sau da yawa rashin ƙara nauyi yana samo asali ne daga yadda ake shayarwa. Jaririn da ya kama kan nono kaɗai yana haɗiyar iska fiye da nono, ya kuma bar uwa da tsagewar kan nono. Kamun da ya dace shi ne wanda bakin yaro ya buɗe sosai, leɓensa na ƙasa ya juyo waje, haɓarsa ta taɓa nono, kuma yawancin baƙin da ke kewaye da kan nonon ya shige bakinsa, ana jin yana haɗiya a natse. Haka nan nonon da ke fara zubowa ya fi ruwa-ruwa, mai maiƙon da ke sa ƙiba yana biyowa ne daga baya, don haka uwar da aikin surfe, girki ko sussukar kaka ya sa take cire yaro bayan ɗan lokaci ta sauya masa ɗaya nonon tana hana shi kaso mafi amfani. Abin da ake so shi ne ya sha sau 8 zuwa 12 a dare da rana, ya gama da nono ɗaya kafin a ba shi na biyu, a ɗora shi a kafaɗa ana shafa bayansa har ya yi gyatsa, a riƙe shi a miƙe na minti 20 zuwa 30, a guji ɗaure masa ciki tamau da majanyi nan take, sannan in ya yi barci a kwantar da shi rigingine. Yaron da ke jiƙa tsumma da fitsari mai haske aƙalla sau 6 a yini da kwana yana samun isasshen nono.

Wasu matakan da ake ɗauka a gida da kyakkyawar niyya su ne ke mayar da ƙaramin abu babba. A watannin bazara akan ɗura wa jariri ruwa don tausayin ƙishirwa, alhali kusan kashi 88 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma duk abin da aka zuba a ɗan ƙaramin tumbin nan, ruwa ne ko jiƙo, koko ko madarar shanu, yana cinye gurbin nono, yana kuma iya shigar da ƙwayoyin cutar gudawa. Wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar nonon uwa zalla har wata 6, tun daga dakashi, wato nonon farko mai kauri da ake zubarwa a wasu gidaje bisa zaton ƙazanta ne, alhali shi ne rigakafin farko; amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 kacal na jariran Najeriya ke samun haka. Akan kuma ce nonon uwa ya lalace a yaye yaro da wuri, ko a ɗora laifin a kan beli a kira wanzami, wanda yankan nasa ba ya tsayar da amai, yana dai iya jawo zubar jini, ciwo daga askar da ba a tsaftace ba, da ƙin shan nono saboda raɗaɗi. Sayen maganin amai ko na haƙori a kyamis ba tare da likita ba shi ma ganganci ne, kuma ba a manta da maganin haƙori na My Pikin ba, wanda gubar da ke cikinsa ta kashe yara 84 a Najeriya tsakanin 2008 da 2009.

Akwai alamomin da ba a kwana da su a gida. Aman da ke fita kamar an watsa bayan kowane shan nono, ga yaro ɗan mako 2 zuwa 8 mai neman nono da zarar ya gama amai amma yana ramewa, yana iya nuna ƙuncewar mafitar tumbi, lalurar da ta fi samun 'ya'ya maza, wadda ƙaramar tiyata ke warkarwa. Amai kore yana iya nufin toshewar hanji, haka ma kumburin ciki ko jini a kashi. Zazzaɓi ko sanyin jiki ga ɗan ƙasa da wata 2, ƙin kama nono, yawan barci marar dalili, taune-taune, numfashi da sauri, faɗawar maɗiga da idanu ko raguwar fitsari, waɗanda ke nuna ƙarewar ruwan jiki, da kumburin maɗiga da ke iya zama sanƙarau, duk suna bukatar cibiyar lafiya mafi kusa nan da nan, daga can a tura jaririn Kano, zuwa Asibitin Yara na Hasiya Bayero, Asibitin Murtala Muhammad ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ana ci gaba da ba shi nono kaɗan-kaɗan a hanya. Abincin tamowa na gyaɗa da ake rabawa a leda kuwa na yaran da suka kai wata 6 ne, bai dace da ƙaramin jariri ba.

Nauyin wannan kulawa bai rataya a wuyan uwa kaɗai ba, domin maigida ne ke ba da izinin fita da kuɗin mota, suruka kuma ita ake saurare a kan jego. Ana kira ga magidanta da iyaye mata da su rage wa mai shayarwa aiki, su wadata ta da abinci, su kai jariri awo kowane wata, kuma idan amai ya haɗu da rama kada a jira ranar kasuwa.