Yoyon Baƙin Mai a Injin Babur: A Gano Tushensa Kafin a Kwance Inji

Wanda ya wayi gari ya tarar da ɗigon baƙin mai a ƙarƙashin babur ɗinsa, bai kamata ya ɗauke kai ba. Ƙananan babura irin su Bajaj Boxer da Jincheng, man da injinsu ke ɗauka bai wuce kimanin lita 1 ba. Wannan ɗan man shi ke hana ƙarafan ciki cin juna, shi ke kuma rage wa inji zafi. Idan ya zurare ba a ankara ba, inji bugawa zai yi. Ga ɗan acaɓa kuwa, wannan asarar kuɗi ce da kwanakin zaman gida.

Inda aka fi yin kuskure shi ne a zargi wurin da man ke ɗiga. Mai gangarawa yake yi, iska kuma tana kora shi baya idan babur na gudu. Yoyon da ya samo asali daga marfin kan inji sai ya bi jikin silinda ya ɗiga can ƙasa, a je a canza gasket ɗin da lafiyarsa ƙalau.

Saboda haka bakanike na ƙwarai da wanki yake farawa. Za a wanke injin da kananzir bayan ya huce, a bar shi ya bushe sarai, a barbaɗa farar hoda a duk mahaɗa, sannan a tayar da shi ya ɗauki zafi na minti 10 zuwa 15. Hodar za ta nuna sawun sabon mai. Sai a bi sawun zuwa sama, wurin da jiƙar ta fara shi ne tushen.

Wuraren da aka fi samu sanannu ne: robar marfin kan inji, gasket ɗin ƙasan silinda, marafan gefen inji, da notin juye mai wanda washarsa ta gaji. Akwai kuma sil ɗin sandar giya, da na sandar kik, da wanda ke bayan ƙaramin haƙorin da ke jan sarƙa. Wannan na ƙarshe ya fi haɗari, domin yana iya watsa mai a tayar baya, babur ya sulɓe a kwana.

A kula, ba kowace jiƙa ce man inji ba. Man da aka shafa wa sarƙa yana fantsama, shokozoba na gaba ma kan yi yoyo, fetur daga kafireta kuwa warinsa ke tona shi.

Bayan an gano wurin, a tambayi dalili, don ruwa ba ya tsami banza. Cika mai fiye da alamar geji, ko toshewar tiyon da inji ke fitar da iska, ko ringin fistan da ya cinye, duk suna tara matsi a cikin inji har ya turo mai ta sil. Idan salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, man ƙonewa yake yi a ciki, sabon sil kaɗai ba zai magance shi ba.

Kada a ɗaure noti da ƙarfin tsiya, jikin injin alminiyam ne, zarensa saurin lalacewa gare shi. Kada kuma a lafta gam, domin ɓarɓashinsa na toshe hanyar mai. Mai babur ya riƙa duba geji kowace safiya, kuma kafin ya amince a kwance masa inji, ya ce a nuna masa ainihin inda man ke fitowa.